Dambun Inna Yalwa a Murfin Tukunya

Murfin tukunyar ya haska shuɗi, rubutu ya bayyana a kansa: "Turara. Sauke. Zuba zogale." Injiniya Barira ta yi murmushi, don aikin Tela ne, manhajar da ta ƙirƙira.

A Birnin Tsakuwa ba abin da ba shi da allo: bango, agogo, tabarau, har murfin madambaci. Aikin Tela shi ne ya auna kowane allo, ya yanka shafin intanet daidai da shi. Bango yakan sami komai, ƙaramin allo kuwa sai abin da Tela ya ga ya zama dole. Garin ɗoki Barira ta fara gwada shi a shafin girkin mahaifiyarta, Inna Yalwa, wadda duk birnin ke rantsuwa da dambunta.

Mako bai zagayo ba ƙorafi ya fara ruwa. Dambu ɗanye! Wata ta ce tsakuwa ta ba baƙinta, wata ta ce tsufa ya kama Inna. Wannan ta biyun ce ta soki Barira, don sunan da uwarta ta gina tun tana budurwa ne ke zubewa, kuma a hannun 'yarta.

Ta duba awo, daidai. Ta duba wuta, lafiya lau. Sai ta lura masu karantawa a bango dambunsu na nuna luguf, 'yan murfi ne kaɗai ke kuka. Ta ɗauki madambaci ta nufi gida.

"Inna, minti nawa kike turara shi?"

"Minti? Ni ina ruwana da minti, 'yar nan? In na rufe sai in hau ba da labarin akuyar da ta gudu da hular ango. Ina kai ƙarshe, ya nuna."

Barira ta dafe kai. Labarin yana shafin, dogo, tsakanin "turara" da "sauke". Masu bango sukan shagala da karanta shi har dambu ya yi. Tela kuwa ya kira shi surutu, ya datse.

"Sai in sa agogo a murfin," in ji ta.

"Sa mana. Amma zauna tukuna, wuta na ci."

Ba yadda ta iya, ta zauna. Tun tana ƙarama take jin farkon labarin nan, kullum sai ta zame kafin a kai tsakiya, wai tana da abin yi. Yau ta bi akuyar ta kasuwa, ta bayan masallaci, har cikin rumfar mai shayi, tana dariya har da hawaye.

"To wani siririn saurayi ne ya kamo ta," in ji Inna tana buɗe murfi. "Ina cikin masu bin ta, sai ya miƙo mini hular duk yawu, cike da kunya. Babanki ke nan, Allah ya jiƙansa."

Turiri ya tashi, dambu ya yi washar-washar. Daɗi da kunya suka rufe Barira lokaci guda.

Ba ta sa agogon ba. Ta koya wa Tela cewa inda allo ya kasa ɗaukar rubutu, ya karanta da baki. Sunan Inna ya dawo har ya fi da. Yanzu manhajar da aka gina don ta rage wa mutane ɓata lokaci, wuni take yi a kicin-kicin tana bin akuya, kuma ba mai yarda a sauke tukunya sai baban Barira ya miƙa hular.