Ranar da Na Hana Uwar Alden Sauka

"Ba za ku sauka ba."

Ina tsaye cikin ruwa har gwiwa, na riƙe goshin kwale-kwalen da hannu biyu, sanyi na ratsa ƙashina. Alden ne riƙe da filafili, mutumin da aka sa ranar aurenmu da shi watan Oktoba. Mahaifiyarsa Lorna na zaune a tsakiya, rungume da tulun tokar gawar mijinta da aka ƙona. A baya kuma Krista ce, 'yar mai shagon bakin tashar jiragen ruwa, ta riƙe wa tsohuwar lema kamar ita ce surukar.

"Me kika ce, 'yar nan?" Lorna ta tambaya a hankali.

"Na ce ba yau ba, Mama Lorna. Ki yi haƙuri."

"Margo..." Alden ya faɗa. "Minti goma kawai. Mu hau dutsen, mu zuba, mu juya."

Na ɗaga kai na nuna masa bayana. Ƙaramin Dutse ke nan, tsibirin da nake gadi shekara ta huɗu a gabar tekun jihar Maine. Ko'ina fararen tsuntsayen teku ne da ake kira tan, masu baƙar hula da jan baki, kowace ta lafe kan sheƙarta cikin yayyafi. Satin nan 'yan tsaki suka ƙyanƙyashe. Ƙafa ɗaya ta taka tudun nan, iyayen gaba ɗaya za su tashi sama, kuma ɗan tsakon da ruwan sanyi ya jiƙa ba ya kai minti goman da yake roƙo. Ni kaina a irin wannan rana ba na wuce ƙofar tantina.

"Ka fi kowa sani," na ce masa.

Krista ta gyara lema. "Ikon Allah. Ba ke kika ce min a oba-oba su zo Lahadi ba?"

"Cewa na yi sai Agusta, Krista. Kuma kunnenki lafiyarsa ƙalau."

"To, ni dai 'yar saƙo ce."

Tun suna makaranta take bin Alden, duk garin ya sani, har kifin da ke shagonsu.

Lorna ba ta ko kalle ta ba. Ni take kallo.

"Kakan mijina Vernon a tsibirin nan ya yi kiwon tumaki," ta ce. "Nan mijina ya ce a zuba shi. Ke da kika zo daga garin Lewiston jiya-jiya, ke za ki tare masa hanya saboda tsuntsu?"

"Ni ce, Mama."

"Alden, tuƙa."

Ya dube ni, ya dube ta. Ni kuwa ban saki kwale-kwalen ba. In zai tuƙa, sai dai ya bi ta kaina.

Ya tsoma filafili, ya ja baya.

Hazo ya haɗiye su, ni kuma na zauna kan dutse na yi kuka son raina, a hankali, don kada in firgita tsuntsaye.

Daga ranar, kawun Alden ne ke kawo mana ruwan sha da burodi. Shi ya fesa min cewa Lorna ta rantse ba za ta taka wurin bikin ba, kuma Krista kullum tana gidan da tukunyar miyar kifi.

"Ta iya girki?" na tambaya.

"Gishirinta ya yi yawa."

"Madalla."

Na ci gaba da aikina. In rana ta fito, in sa hular nan mai sanda a tsaye, don tsuntsun tan abin da ya fi tsawo yake sara, in bi sheƙa-sheƙa ina auna 'yan tsaki ina sa musu zobe a ƙafa. Suna sarana, suna yi min kashi a kafaɗa, ni kuwa ina ce musu sannunku da godiya. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Duk injin da na ji daga nesa sai na miƙe.

Wata safiya oba-oba ta yi ƙara.

"Margo."

"Wa ke magana?"

"Haba, masoyiyata..."

"Au, kana raye ashe."

"Kin kunyata mahaifiyata da tokar babana a cinyarta. Me kike so in yi?"

"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, Alden. A kan aikin nan ka same ni."

"Ko sau ɗaya ba za ki ce kin yi kuskure ba?"

"Ban yi ba. Na dai ji ciwonsa, har yanzu ina ji."

Ina jin numfashinsa.

"Ina sonki," ya ce. "Amma ba zan yi aure kujerar Mama ba kowa ba."

"Na sani, abin ƙaunata. Shi ya sa nake sonka."

Akwai abin da ban gaya masa ba, kuma da na faɗe shi ranar, da an wuce wurin. Sai dai alkawari na ɗauka, kuma ba a gaban Krista zan kwance shi ba.

Tsuntsun tan ba ya sauka inda bai ga 'yan'uwansa ba. Tsibirin nan ya yi shekaru ba ko ɗaya, sai da aka jera tsuntsayen katako a kan duwatsu, na gaske suka gani suka yarda. A garin kuwa, masuntan lobsta, wato ƙaton jatan lande, ba abin da suke yi wa dariya kamar mu "'yan tsuntsu", kuma Vernon ne shugaban masu dariyar. Shi ne kuma yake sassaƙa mana tsuntsayen. Duk farkon bazara zai lallaɓo da su cikin buhu, ya dire, ya zare min ido.

"In kika faɗa wa wani, yarinya, na jefa ki teku."

Tsakiyar Agusta, da 'yan tsakin suka yi fiffike, na ɗauki ɗaya na sa a jaka, na bi jirgin kawu zuwa gari. Kai-tsaye gidan Lorna na nufa.

Krista ce ta buɗe ƙofa.

"Mama na hutawa."

"To sai ki tafi ki bar ta ta huta."

"Bar ta ta shigo," Lorna ta faɗa daga kicin. "Ke kuma Krista, ɗauki tukunyarki. Na gode."

Da muka rage mu biyu, na ajiye tsuntsun a kan tebur.

"Abin da ya fi mijina daraja kika kawo min in gani?"

"Juya cikinsa, Mama."

Ta juya. Kowane masunci a nan yana da fentin da yake yi wa gorar tarkonsa mai yawo kan ruwa, don a san nasa a teku, kuma ba mai taɓa launin wani. A cikin tsuntsun akwai fenti kore, da zane biyu na ruwan ɗorawa, launin Vernon.

Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa.

"Tsohon munafuki," ta ce. "Duk hunturu yana shago ya kulle ƙofa, wai gora yake gyara..."

"Ya ce in na faɗa zai jefa ni teku."

Dariya ta ƙwace mata, ta koma kuka. Na tsuguna na riƙe hannunta, ba ta janye ba.

"Me ya sa bai gaya min ba?"

"Ya ce tun yana yaro, in hazo ya rufe, kukan tsuntsayen nan babansa ke bi ya gane hanyar gida. Da suka ɓace ya ji kamar an kashe fitila. Amma wai in aka ji a tasha, ba zai ƙara shan kofi lafiya ba."

"Haka yake," ta ce tana share ido. "Da na sauka ranar, da aikinsa na tattake ke nan."

"Ba ki sani ba ne."

"Na dai san yarinyar can ƙarya take, tun muna cikin jirgi. Amma na riga na ɗauko mijina daga gida, ina zan kai fushin?"

Sai na ji motsi. Alden na tsaye bakin ƙofa da takalman roba, ban san tun yaushe ba. Idonsa ya yi ja.

"Duk makonnin nan kina da wannan, kika bar ni ina hauka?"

"Alkawarin babanka ne. Kai kuma haukan ya yi maka kyau, ka rame daidai."

"Margo..."

"Zo nan, ni dai."

Ya zo. Warin kifi yake, ban damu ba.

Lahadin da ta biyo muka sauka mu uku, rana tas, teku kwance. Tsuntsayen bana na ta koyon kamun kifi a bakin ruwa, suna faɗawa suna tashi ba komai a baki. Na kai su har kan babban dutsen, na ja da baya na tsaya nesa, don wannan ba hurumina ba ne.

Lorna ta buɗe tulun. Ta ɗiba ta ba iska. Alden ma ya ɗiba ya zuba.

Sai ta waiwayo.

"Me kike yi a can?"

"Na ba ku wuri ne, Mama."

"Iyali ne kawai ke zubawa," ta ce, ta miƙo min tulun. "Matso, 'yata. Kawo hannunki."