Jan Ɗigo a Tambarin Sabulu

Shagona na buga takardu yana manne da nasa, shi ya sa na san zancen nan tun daga tushe. Mai Zane muke ce masa. Sana'arsa ƙirƙirar tambari. Mai gidan burodi ko mai kamfanin ruwa zai zo ya zauna, shi kuma ya fitar masa da 'yar alamar da jama'a za su riƙa gane kayansa da ita. Yakan ce mini, "Maƙwabci, ido ke fara ciniki kafin aljihu. In alama ta zauna a ran mutum, ko yana barci zai gane ta."

Abin da ya ci masa rai shi ne, waɗanda ya yi wa tambari suna wucewa a manyan motoci, ko ɗaga masa hannu ba sa yi. Shi yana nan kan kujerar roba, daga shi sai fanka mai ƙara. Sai ya fara haɗa sabulu da kansa, ya zana masa koren ganye cikin farar da'ira. Zane ya yi kyau, sabulu ya ƙi tafiya. Shekara biyu a haka.

Bai yi shawara da kowa ba ya tafi wurin boka. Daga baya shi ya ba ni labari da bakinsa. Ɗaki ne a bayan wani tsohon sito, da rana tsaka amma ciki duhu. Akwai tukunya rufe da jan ƙyalle, ƙahonni jere a ƙasa, da madubi an juya fuskarsa bango. Ƙarnin jini ya danne ƙamshin turaren da ke hayaƙi.

Boka ya daɗe yana duban takardar tambarin, sannan ya ce, "Zanenka ba shi da laifi. Ana kallonsa, amma shi ba ya kallon kowa. Ba shi da ido."

"To a sa masa."

"Abin da ke da ido yana da ciki. Zai nemi abinci."

"Rago? Sa? Duk zan kawo."

"Ba a kawo masa. Shi ke zaɓa, daga abin da ke kusa da kai."

"Ba dai mutum ba?"

"Ka ji na ce mutum?"

Mai Zane ya gane amsar, amma ya miƙa hannu. Boka ya soke masa babban yatsa da ƙaya, ya ɗiga jinin a tsakiyar ganyen, ya tura takardar cikin tukunya. Wani abu a ciki ya ja numfashi.

Ni na buga sabon tambarin. Da na tambaye shi jan ɗigon na mene ne, ya ce ado ne, bai dube ni ba.

Cikin wata shida sabulun ya cika gari. Mata ko sunansa ba su riƙe ba, sai dai su ce, "A ba ni mai jan ɗigo." Ya buɗe masana'anta, ya gina gida mai bene.

A satin da aka kafa babban allon tallansa na farko, mahaifiyarsa ta rasu a zaune, tana tsintar shinkafa. Aka ce tsufa ne. Da ya fitar da man shafawa mai tambarin, 'yarsa ɗaya tilo ta faɗi a makaranta, ba ta tashi ba. Matarsa ta daina magana da mutane, ta koma zana da'ira a bangon ɗaki da jan baki, tana ce wa kanta tambarin yana kallonta. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita.

Yayarsa ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta ta ce, "Ƙanena, me ka kawo mana gida?" Ta fita, ba ta sake dawowa ba.

Ya zo shagona duk ya rame. "Maƙwabci, cire ɗigon nan."

Muka cire. 'Yan kasuwa suka dawo da kaya kwali-kwali, wai jabu ne. Duk bayanin da ya yi ba wanda ya yarda, domin shi da kansa ya koya musu abin da za su duba. Masana'anta ta rufe. Ya koma wurin boka, ya tarar ba shi ba labarinsa, an cika ɗakin da tsofaffin tayoyi.

Yanzu yana zaune a gidan nan shi kaɗai, ɗaki tara, kujera ɗaya. Nakan leƙa shi. Yakan riƙe ni da hira har rana ta yi sanyi, don kawai ya ji muryar mutum.

Kai da kake ganin arzikinka ya yi jinkiri, ka tsaya kan sana'arka. Duk wanda ya ce zai ba ka duniya bai faɗi kuɗinta ba, ya riga ya ƙirga mutanen gidanka.