Kalmar da Ke Kan Allo

Ana tsakiyar darasin farko aka tsinci gawar shugaban makaranta a ƙarƙashin tagar ofishinsa da ke bene. Sufeton 'yan sanda, wanda ko gobara ba ta sa shi sauri, ya duƙa ya buɗe hannun mamacin, ya zaro wani maɓalli ya jefa aljihu.

Mataimakin shugaba ya tarbe shi, hannun riga a naɗe.

"Ranka ya daɗe, isowata ke nan, ko benen ban hau ba. Amma a tambayi malamar Turanci abin da ta rubuta a allo. Jiya marigayin ya ce zai kore ta."

A ajinta da ke kusa da ofishin, Sufeto ya tsaya gaban allo. An rubuta defenestration, kalmar da ya so karantawa harshensa ya ƙi.

"Mece ce wannan, Malama?"

"Wurgo mutum ta taga. Daga Latin take, fenestra ita ce taga. Shekara ɗari huɗu da suka wuce aka wurgo wasu jami'ai ta taga a Turai, sunan ya bi abin. Yau har tsige mutum daga muƙami ana kira haka."

"Ki koyar da ita, a wurgo wanda zai kore ki?"

"Bara na koyar da sunayen guba, wa ya mutu? In ɗaure ni za ka yi, ga hannuna, amma ba zan ba da haƙuri kan darasina ba."

Tsoro take ji, sai dai ko kusa ba ta sunkuyar da kai ba.

"Yaushe kika rubuta?"

"Ɗazu, kafin in fita ɗauko ƙarin alli."

Sufeto ya sauko a hankali ya sami mataimakin.

"Wanda bai hau bene ba, yaya ya ga rubutun ɗazu? Warware hannun rigarka."

Babu maɓalli, sai zare yana reto.

Mataimakin ya taɓe baki. "Ni na tura shi. Ƙuruciyata ta ƙare ina masa bauta, yau ya ce ɗan ƙanwarsa zai gaje shi. Ban yi nadama ba."

"Ita kuma me ta yi maka?"

Aka sa masa ankwa aka wuce da shi ta gaban malamar da ta sauko daga bene, ya kasa ɗaga ido.