Baƙon da Ya Sauka a Kunnen Ƙauna

Rana ta yi ja a Sabon Gari, Bibiana na kwashe tuwo a tsakar gida, sai murfin tukunya ya suɓuce mata ya faɗi a kan siminti. 'Yarta Ƙauna, wadda ta ba ta baya tana tsintar wake, ta waiwayo.

A wani gidan wannan ba komai ba ne. Amma shekara bakwai ke nan Ƙauna ba ta waiwayi ƙara ba, tun da sanƙarau ya kayar da ita tana 'yar shekara shida, ya tafi da jinta. Uwar ta daskare da mara a hannu, ta kira mijinta.

Sebastian malamin kimiyya ne a wata sakandare a Samaru, mutum mai taurin kai, wanda ba ya yarda da abu sai ya gwada. Kowace shekara yakan kai ganga aji, ya zuba gero a fatarta, ya doki tasa kusa da ita, gero ya hau rawa ba wanda ya taɓa shi. Sai ya ce wa ɗalibai haka sauti yake: abu ya girgiza, ya tunkuɗi iska, iska ta doki dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar cikin wata 'yar katantanwa mai ruwa, siraran gashi su kaɗa, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Ya san inda hanyar ta yanke a kunnen 'yarsa. Gashin nan ne suka mutu, kuma ba sa sake tsirowa.

Ya laɓaɓa bayanta ya kira sunanta ƙasa-ƙasa. Ta juyo ta dube shi.

"Baba, muryarka ta tsufa," in ji ta.

Malamin kimiyya ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro.

Murnar ba ta wuce kwana uku ba. Duk magariba sai duwatsu su riƙa sauka a kan kwano, ba a ganin mai jifa. Ƙauna kuma jin nata ya wuce misali. Tana jin tafiyar tururuwa a jikin bango, tana jin kekunan ɗinkin teloli na can unguwar PZ. Ta daina cin abinci, don tauna a kanta kamar injin niƙa take. Ta rame, jini ya fara ɗigo mata ta kunnen hagu. An yi azumi da addu'a a coci, an kai ta asibiti, na'ura ta nuna kunnuwan a mace suke kamar dā. Sebastian ya dawo gida da takardar, ya rasa inda zai sa kansa.

Bibiana ce ta nemo Malam Haladu na Palladan, dattijo mai ilimi, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya zo bayan la'asar, ya sa aka kashe rediyo, ya zauna gefen tabarmar yarinyar yana karatu kamar mai raɗa. Can jikinta ya sandare, wata tsohuwar murya ta namiji, muryar aljani, ta fito daga bakinta.

Muryar ta ce ba da mugunta ta zo ba. A tsohuwar rijiya take zaune a bayan kasuwa, aka cike rijiyar aka kafa injin niƙa a kai. Ta karaɗe Zariya tana neman inda babu ƙara, ba ta samu ba sai a kunnen yarinyar nan. Jifan ma maƙwabci mai janareta take nufa, hannu ne ya tsufa.

Malam ya ce wa aljanin zamansa yana kashe yarinyar, ya kwatanta masa wani kogon dutse can gaba da Basawa, inda ko mota ba ta bi. 

"Zan fita," in ji aljanin. "Amma ku sani da kunnena take ji. In na tafi, da shi zan tafi."

Malam ya dubi Sebastian, ya gaya masa gaskiya: in baƙon ya zauna, yarinyar ba za ta ga sabon wata ba. Ba zaɓi aka ba shi ba, shi ma ya sani. Ya gyaɗa kai. Abin da Malam ya iya roƙa musu ɗaya ne, aljanin ya jira har ladan ya gama kiran magariba.

Kira ya tashi daga masallacin unguwa. Ƙauna ta buɗe ido, nata na gaske. Mutumin da ya shekara ashirin yana surutu a gaban allo ya nemi abin faɗa ya rasa.

"Malam, faɗa mata wani abu mana," Bibiana ta ce wa mijinta, tana share hawaye da gefen zane.

Sunanta kawai ya zo masa. Ya kira, ta ce na'am. Ya sake kira, ta amsa tana murmushi. Ladan ya sauke murya. Ya kira na uku, tana kallon bakinsa, ba ta amsa ba.

 Ƙauna ta miƙa siririn hannunta ta ɗora a maƙogwaron ubanta, inda magana ke girgiza kafin ta fita iska.

"Sake faɗa, Baba," ta ce.