Minti Biyu a Saman Bene

"Ba zan ba mai hoto 'yata ba. Na ba hoto miji, ya isa."

Surukata ce ke faɗa, jikata na bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. Ni ina kan tabarma, na yi kamar barci nake.

Ɗana, mijinta, mutumin taurari ne. Yakan hau saman bene da ɗan madubin hangen nesa, ya kafa shi kan ƙafafu uku, ya ɗaura masa tsohuwar kyamara mai cin faffaɗan fim, ya bar idonta a buɗe. Sai ya zauna yana murɗa wani ɗan ƙarfe a hankali don kada taurarin su kuɓuce masa.

Daren da ya rasu sun yi cacar baki, ta ƙi kai masa shayi. Da ta huce ta hau, yana kwance. Garin rugawa wurinsa ta ture madubin, idon kyamara ya rufe.

Shekara uku ba ta barcin kirki. "Inna, awa nawa ya yi yana kirana?..." Wa zai amsa mata?

Saurayin jikata wankin fim ne sana'arsa. Ni na miƙa masa kyamarar a ɓoye, da fim ɗinta a ciki. Bayan mako ya dawo neman mabuɗin bene.

"Angona, in ta kama mu, ban san ka ba," na ce masa.

Da dare shi da jikata suka hau, na bi su da rarrafe. Kujerar ɗana na nan inda ya bar ta, babu wanda ya iya zama a kai.

"Riƙe min ƙafar madubin nan, farin cikina, kar ta motsa," ya ce wa jikata.

Ta durƙusa ta kama ƙafar.

"Yawwa. Riƙe dai."

Ya saita madubin, ya bi taurarin, sannan ya janye hannu yana kallon agogo.

Bayan kwana biyu ya durƙusa gaban surukata da hotuna biyu.

"Umma, wannan na Abba ne. Kin ga taurarin ɗigo-ɗigo? Hannunsa na kan ƙarfen ke nan. 'Yar jelar da kowanne ya ja, daga sakinsa ne zuwa sanda kika ture madubin. Wannan kuma nawa ne, da gangan na saki."

Ta haɗa su gefe da gefe. Jelar daidai take.

"Tsawon me ka saki?"

"Minti biyu, Umma."

Ta daɗe tana shafa hoton da yatsa. "Ashe ina kan matakala..." Sai kukan da ta riƙe shekara uku ya ƙwace mata. Ni ma na yi nawa, wa zai hana ni?

Da magariba yaron ya hau bene don kwance kayan. Surukata ta fito daga kicin da kofin shayi yana tururi, ta miƙa wa 'yarta.

"Kai masa sama. Yi sauri, kar ya huce."