Abin da Koriyar Manhaja Ta Tona

Auta ta damƙe gefen teburin ɗakin malamai, idonta a kan bangon da majigi ke haskawa.

"Ya Allah, kar ta gangara ƙasa... kar ta gangara!"

Ita ke koyar da 'yan aji uku. Shugabar makarantar ce ta sa a gwada manhajoji biyu na ajiye adireshin shafukan intanet, don malamai su riƙa raba kayan darasi a wuri guda. Dogo, malamin kimiyya mai neman aurenta, ya ɗauki shuɗiyar. Ita aka ba koriyar.

Shugabar kuwa gwaggon Dogo ce, kuma ba ta taɓa son zancen auren ba. Malamar kwamfuta take yi masa sha'awa, wadda yanzu ke tsaye gaban majigin tana murmushi.

"Shuɗiyar akwai ƙaƙale," in ji malamar kwamfuta. "Kowane shafi sai ta tambaye ka akwatin da za ta saka. Koriyar kuwa taɓawa ɗaya ce, har hoton shafin take ajiyewa, yara ma su buɗe ba kalmar sirri."

"A ba ni koriyar!" in ji malamin lissafi. "Yatsuna sun tsufa."

Aka kwashe da dariya. Auta ba ta yi ba.

Malamar kwamfuta ta ci gaba: "Sai dai tana da surutu. In ba ka canza ba, duk abin da ka ajiye akwatin kowa yake faɗawa, da sunanka a jiki. Bari ku gani..."

Ta gangara ƙasan akwatin kowa.

Ƙarƙashin shafukan koyon haruffa sai ga su a jere: alamomin mutuwar kunne, ire-iren na'urar ji, ko kurma zai iya ci gaba da koyarwa.

Auta ta ɗauka ita kaɗai ke ganin abin da ta ajiye. Sai da aka kunna majigin ta gane.

Likita ya gaya mata kunnen dama ya tafi, na hagu ma ba tabbas. Ko mahaifiyarta ba ta sani ba.

Kowa ya juyo ya dubi Auta.

"Ashe!" Shugaba ta cire tabarau ta dubi Dogo. "Kurma za ka kawo mana gida, ɗan nan? Kuma a ɓoye?"

Auta ta fice da gudu, ta faɗa ajinta, ta durƙusa bayan teburi. Ba ta ji shigowar Dogo ba. Takalminsa kawai ta gani.

"Don Allah ka tafi... kar ka faɗa mini a fuskata, ba zan iya ba!"

"Sanyin idona, ɗago."

"Na ɓoye maka! Tsoro nake ji, Malam. Wata rana za ka kira ni in yi maka shiru..."

Ya tsuguna ya miƙa mata wayarsa. Shuɗiyar manhajar ce a buɗe, da wani akwati mai kwaɗo. Ya buɗe shi.

Darussan maganar hannu ne, cike fal.

"Yaushe...?"

"Tun da na lura kullum gefen hagu kike juyo mini. Ni dai tawa manhajar ba ta da baki, shi ya sa."

"Gwaggo fa? Ba za ta taɓa yarda ba!"

"Gwaggo ta riƙe makarantarta. Na riga na gaya wa Baba, ya ce shi ma matarsa mai kunne biyu ba ta jin maganarsa."

Dariya ta ƙwace mata a cikin kuka, sannan tsoron ya dawo.

"In na hagun ma ya tafi fa?"

Dogo bai yi mata ƙarya ba. Ya zagayo ta hagunta, ya sunkuyo.

"Zai iya tafiya. Amma yau yana nan. Ki ba ni aurenki, in cika kunnen nan da abin da zai ishe ki kafin ya rufe."

Ta share hawaye, ta gyara zama, ta juyo masa da kunnen.

"Fara."