Kakakin Lascelles

"Ba za ka kai faifan nan gidanmu ba, Vibert."

Icilda ta tare ƙofar shagon. Shi kuwa ya ci gaba da ɗaure ƙatuwar lasifika a kan kura kamar bai ji ba.

Faifan irin mai laushin nan ne da masu kiɗan titi a Kingston ke yankawa guda ɗaya tak, don kada abokan hamayya su samu. Duk juyin da allura ta yi sai ta ci wani abu a jikinsa. A cikinsa kaɗai busar kakakin yayanta Lascelles ta rage a duniya.

Mahaifinsu, lauya a unguwar masu hali can kan tudu, ya kore shi saboda ska, kiɗan 'yan bakin kwata in ji shi. Bai shekara ba 'yan bangar siyasa suka far wa filin rawar da yake busa, wai kayan kiɗan sun tsallako daga unguwar ɗaya jam'iyyar. Lascelles bai fito da rai ba. Tun ranar Icilda ke jin kakakin nan a kunnenta, ko a coci.

Faifan ya sha juyi, sau ɗaya ya rage masa.

"Ranar aurenmu muka ce za mu sa shi..." in ji Icilda.

"Wane aure, 'yar lauya? Tsohonki ya ce ko karensa ba zai ba mai tura kura ba." Ya kama hannunta. "Bai taɓa jin busar ɗansa ba, zuciyata. Ko sau ɗaya."

Da la'asar suka hau tudun, yana turi tana biye. Mahaifinta, Mista Harriott, na zaune a baranda. Da ganinsu ya miƙe, ya ce su kwashe tarkacensu ko ya kira 'yan sanda, ita kuma in ta zaɓi kwata to ta bi yayanta.

Vibert ya tsayar da kurar a bakin get. Ya jona batir, ya sauke allura.

Kakakin ya taso, dusu-dusu kamar daga ƙasan ruwa. Nan take Icilda ta gane amon. Waƙar da marigayiya mahaifiyarsu ke rera musu ce suna yara, Lascelles ya ɗora ta a kan kiɗan ska.

Tsohon ya sauko har bakin get, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, leɓensa na motsi.

Kiɗan ya ƙare.

"Sake sawa," ya ce.

Vibert ya mayar da allura. Sai shuuu... kamar yayyafi a kan kwano.

"Ya cinye, Baba," Icilda ta faɗa, hawaye na zuba. "Na aurenmu ne ya ba ka."

Tsohon ya daɗe yana kallon faifan yana juyawa a banza. Sannan ya dubi Vibert.

"Kai... ka haddace shi?"

"Tas, ranka ya daɗe."

Vibert ya nufi ƙaramar ƙofar gefe, ta masu aiki. Tsohon ya girgiza kai, ya zare sakatar babban get da kansa.

"Ta nan. Shigo ka rera mini ɗana."